Gidan Fasaha a Ƙasar Moriki: A Fara Tara Mutane Kafin a Tara Kaya

Wanda duk ya tashi a wannan marra ya ce zai yi wa mutanen Moriki da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda maganar gidan nunin fasahar zamani, alhali kuwa manomi ba shi da tabbacin zai kai ƙarshen kunyarsa lafiya, fatake kuma ba sa kama hanya sai sun yi sallama da iyali irin sallamar wanda bai san ko za a sake ganawa ba, to, lalle ya san ana binsa bashin hujja kafin a ba shi kunne. Na karɓi wannan bashi, kuma nufina in biya shi gwargwadon iko, domin abin da nake so in tabbatar shi ne halin da muke ciki bai kore bukatar irin wannan gida ba, bal ma shi ya mayar da ita ta gaggawa, da sharaɗin mu gane cewa asalin gidan mutane ne da ayyukan da ke haɗa su, gini kuwa daga baya yake zuwa.

Ya kamata tun da fari a rarrabe tsakanin abu biyu da sau da yawa akan cakuɗa su. Gidan tarihi, kamar Gidan Makama na Kano, ko gidan tarihin Kanta na Argungu, ko cibiyar Waziri Junaidu ta Sakkwato, aikinsa shi ne tsare abin da magabata suka bari, na takubba da sulke da tambura da takardu, domin na baya su gani su yi tunani. Wannan kuwa aiki ne mai daraja wanda babu mai hankalin da zai raina shi. Amma gidan fasahar zamani ma'amalarsa da masu rai ce, wato mai zanen da har yanzu tawada ba ta bushe a yatsunsa ba, da masaƙin da ke bisa aikinsa yau, da yarinyar da jiya ta ƙago wani sabon zanen hula wanda uwarta ba ta san shi ba. Saboda haka ne irin waɗannan gidaje, a ƙasashen da suka daɗe da su, suka ware sashe guda wanda ba shi da wani aiki sai hulɗa da jama'a: su gayyato gwani ya zauna wata da watanni yana aiki a idon mutane, su kawo 'yan makaranta su taɓa kayan aiki da hannunsu, su shirya muhawara da karatu, su kuma ɗauki kaya su bi unguwanni da ƙauyuka wurin waɗanda ba za su iya zuwa ba. Wannan sashe shi ne abin da nake kwaɗayi ga ƙasarmu, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi a cikin al'amarin duka.

Ba kuwa a kan fako za mu fara ba, gama arewacin Zamfara ƙasa ce da Allah ya yi wa baiwar hikima tun kaka da kakanni. Daga Tubali Ibrahim Narambaɗa ya fito, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda har gobe malaman jami'a suke nazarin Bakandamiyarsa. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta waƙa har sunan garin ya bi bakinsa ya zaga ƙasar Hausa. Amali Sububu ya sa manoma sun ji noma abin alfahari ne. In kuma aka ɗan gangara kudu, ga Musa Ɗanƙwairo na Maradun da Sa'idu Faru. Abin da waɗannan suka yi da harshe, wasu dubbai da ba a rubuta sunansu ba sun yi shi da hannu: majema masu jiƙa fatar jar akuya da bagaruwa, da dukawa masu rina ta da karan dafi, da marina a bakin karofi, da maɗinka masu fitar da aska takwas a ƙirjin riga, da mata masu saƙar faifai da tabarma da ginin tukwane.

Wanda yake son ya ga matuƙar wannan fasaha, ya tsaya kusa da mai zayyana ran da aka kawo masa allon yaron da ya kai sauka. Zai ga ya share fuskar allon ta yi sumul, ya dama tawadarsa da ƙaro har ta yi kauri daidai, ya fiƙe alƙalamin kara, sa'an nan ya ja layin iyaka ba tare da hannunsa ya yi rawa ba; daga nan ya shiga rarraba fili gida-gida, yana cika wannan da ja, wancan da rawaya, na gefe da kore, kowane gida yana amsa ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren, har ya bar sarari a tsakiya inda Fatiha da farkon Baƙara za su zauna. Ba a koya masa lissafin kusurwa a aji ba, amma ga lissafin nan a gabanka ba kuskure. Da za a rataye wannan allo a wani babban zaure na Landan ko Faris, da masana sun tsaya a gabansa suna jinjina. Mu kuwa yaro ya zaga da shi gidajen dangi, an yi barka, an sa albarka, sa'an nan a jingine shi bayan ƙyaure, kuma bayan shekara kaɗan ba mai iya gaya maka sunan wanda ya zana.

To, ga inda gaggawar take. Sana'ar hannu ba a littafi take zaune ba, silsila gare ta kamar yadda ilimi yake da silsila, kowane gwani daga hannun wani gwani ya karɓa. Ɗan maƙeri yakan shekara yana zuga kawai, idonsa na kan wuta, kafin a miƙa masa awartaki, kuma a cikin wannan zaman ne yake koyon abin da baki ba ya iya faɗa, wato launin da ƙarfe yake yi in ya isa duka, da ƙarar da masaba take yi in ta sauka daidai a bisa uwar maƙera. Irin wannan sani yana bukatar zama wuri ɗaya, da kasuwa mai ci, da kwanciyar rai. Waɗannan uku kuwa su ne ainihin abin da fitinar 'yan bindiga ta fi ɓatawa: ƙauyuka sun watse, gwanaye sun zama 'yan gudun hijira a Ƙaura da Gusau da wasu garuruwa, yaran da ya kamata su gaje su sun koma acaba da tallan ruwa, a watan Satumba na 2021 ma har kasuwannin mako aka rufe aka katse layukan waya a jihar saboda tsananin lamarin. Sunan Sububu, wanda a da in an ambace shi kiɗan noma ke faɗowa a rai, yau dajinsa ake tunawa da tsoro. Gidan da ya rushe ana sake gina shi in lafiya ta samu, amma silsilar da ta yanke da mutuwar tsoho ɗaya ba ta da mai ƙulla ta. Manomin kirki, ko a shekarar da yunwa ta fi tsanani, ba ya surfa irinsa ya ci, don ya san damina na tafe. Gwanayen nan da almajiransu su ne irin da za mu shuka ran da Allah ya kawo sauƙi.

Kada kuma wani ya zaci kula da masu sana'a da kai ilimi ƙofar jama'a baƙon tunani ne da muka aro daga Turai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Umarun Dallaji na Katsina, ya lissafa raya masu sana'a, da kula da a same su a kowane gari da ƙauye, a cikin wajiban shugaba, domin ya san al'umma ba ta tsayuwa sai da su. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta zauna tana jiran matan karkara su iso ta kaɗai ba; ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora musu malfa, ta ba su waƙoƙin karantarwa da Hausa da Fulatanci, suka riƙa kai da kawowa tsakaninta da ƙauyuka, aka san jama'arsu da 'Yan Taru. Wanda ya nazarci wannan tsari da idon basira zai tarar duk abin da masu gidajen fasaha na yau suke kira shirin hulɗa da al'umma yana cikinsa: akwai cibiya, akwai jakadun da mutane suka sani suka yarda da su, akwai harshen da kowa yake ji, akwai kuma girmama wanda ake je wa. A nan ya kamata mu ɗauki ma'auni.

Misali mafi kusa na gidan da ya bi wannan hanya yana Yamai, babban birnin Nijar. Gidan tarihin ƙasar, wanda aka buɗe a 1959, yanzu kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, tun farkonsa bai yarda ya zama ɗakin ajiya kawai ba. A cikin harabarsa aka yi wa masu sana'a rumfuna, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aikinsu baƙo na kallo, yana tambaya, yana saye daga hannun wanda ya yi. Aka kuma buɗe wurin koyar da yara da matasa sana'a, har da masu naƙasa. Ga gidan namun daji da fili mai inuwa da ke jawo talakawan da ba su taɓa tunanin shiga gidan tarihi ba. Sakamakon haka shi ne mutanen gari suka ɗauki wurin nasu, suna zuwa da 'ya'yansu, ba sai an yi musu shela ba. Nijar ba ta fi mu arziki ba a lokacin, ba ta kuma fi mu yau ba. Abin da ta fi mu shi ne waɗanda suka kafa gidan sun tambayi kansu wa zai shigo, kafin su tambayi abin da za a jera.

A cikin Nijeriya ma akwai darussa. A 1958 wasu ɗalibai na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya bisa ra'ayin cewa mai zanen Afirka ya koyi dabarun zamani amma ya ɗebo ruwa daga rijiyar gidansu, kuma daga wannan ƙaramar ƙungiya wani babban reshe na fasahar zamani ta ƙasar nan ya tsiro. A Oshogbo, a 1964, wata Baturiya mai zane, Georgina Beier, ta tara samari waɗanda ba su yi makarantar zane ba, ta ba su fenti da takarda ta bar su da basirarsu, sai ga Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Jimoh Buraimoh, wanda da mai gyaran wutar lantarki ne, sun zama sanannu a duniya. Ladi Kwali kuwa, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a gida ta koyi ginin tukunya, kuma a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tukwanenta, kafin ta shiga makarantar tukwane ta garin, wanda yau ake kira Suleja, a 1954. Abin lura a nan shi ne ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya fara da katafaren gini: wuri ne ƙarami, da gwani, da kayan aiki, da wani babba da ya ga darajar abin ya tsaya masa. Wa ya san Ladi Kwali nawa ke zaune yau a cikin matan da suka gudo daga ƙauyukan Zurmi?

Sai kuma tambayar da ta fi kowace nauyi a zuciyar Musulmi, wadda bai halatta a kauce mata ba, balle a jihar da ta ɗaura aniyar bin Shari'a tun 1999: shin wannan al'amari bai kai mu ga sura da gumaka ba? Amsar ita ce malamanmu sun riga sun yi tafsili. Sanannen hukunci a littattafan Malikiyya shi ne abin da aka haramta sassaƙa ko gina surar mai rai cikakkiya wadda take da inuwa. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango hukuncinsa bai kai nan ba, ko da yake akwai karhanci a wasu fuskokinsa. Zanen itatuwa da gine-gine da ƙawar rubutu da zayyana kuwa mubahi ne ba gardama. Fagen da ya rage a buɗe ya fi wanda aka rufe faɗi nesa ba kusa ba, kuma a cikinsa ne Musulmi suka yi fice tun ƙarnonin farko. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo, daga harafin Larabci ya gina zanensa, har gidan Tate Modern na Landan ya yi masa nuni na musamman a 2013. A 2023 kuma, a tashar alhazai ta filin jirgin saman Jidda, inda iyayenmu suka saba sauka, aka buɗe babban bajen kolin fasahar Musulunci, aka haɗa tsofaffin kayan tarihi da ayyukan masu rai. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne malamai su kasance cikin majalisar gidan tun ranar farko, su zana iyaka bisa ilimi, domin jama'a su shigo da natsuwa, kada a bar hukunci a hannun jita-jita.

Wanda yake shakkar ko addini da fasahar zamani da mutanen ƙauye za su iya zama inuwa ɗaya, ya dubi Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar. A can, maimakon a rushe tsohon masallacin Juma'a na ginin ƙasa, sai Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, masanan tsara gine-gine, suka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci daura da shi, da tubalin ƙasar wurin da hannun maginan wurin, aka kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. A wannan yanki ne kuma Falke Barmu, magini ɗan ƙauye, ya gina masallacin Yama wanda ya ci lambar girma ta Aga Khan a 1986. Ga ilimin jami'a ya durƙusa ya koya daga gwanin gargajiya, gwanin kuma ya ƙaru da sabuwar dabara, jama'a suka samu wurin salla da wurin karatu a harabar da suke ji tasu ce.

Bisa ga waɗannan dalilai, ga shawarar da nake gabatarwa. A sa cibiya a Ƙauran Namoda, saboda ita ce mahaɗar hanyoyin da suka nufi Moriki da Shinkafi ta wannan gefe da Zurmi ta wancan, ita ce ƙarshen layin dogon da ya iso a 1929, tana kuma da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1983, inda za a samu malamai da ɗalibai masu taimakawa. Ba a bukatar sabon gini. Zaure biyu da tsakar gida mai inuwa sun isa. Sa'an nan a Moriki da Zurmi da Shinkafi a nemi rumfa ko zaure guda kusa da fada ko kasuwa, ya zama reshe, ana kai masa aiki ana ɗaukowa. Kowane wata uku a zaɓi gwani biyu ko uku, a fara da waɗanda fitina ta raba da garuruwansu, a yanka musu alawus na mutunci, a saya musu kayan aiki, a ba kowannensu almajirai kaɗan bisa yarjejeniya a rubuce, su yi aiki a fili inda mai wucewa zai tsaya ya gani. In wa'adi ya cika a baje abin da aka yi, a gayyaci gari.

Kuma lalle ne a kiyaye kada gidan ya zama na tsofaffin sana'o'i kaɗai, domin in haka ta faru ya koma gidan tarihi ta bayan gida. Fasahar zamani tana nan a tare da mu ko ba mu kira ta da sunan ba: mai rubuta allunan shaguna, da mai zanen bayan manyan motoci, da telan da ke fitar da sabon yayi kowace Salla, da mai ƙunshin da ke zana lalle a hannun amare, da saurayin da ke ɗaukar hoto da wayarsa da idon da ba kowa ke da shi ba. A zaunar da waɗannan kusa da tsofaffi, mai zayyana ya ga abin da mai kwamfuta zai yi da zanensa, baduku ya ji irin jakar da 'yan makaranta suke so, ɗalibin da ya karanta zane a Zariya ya zo hutu ya koyar ya kuma koya. A bar su kuma su faɗi abin da ke ransu game da wannan zamani. Yaron da ya ga an kore shanun gidansu, ko yarinyar da ta kwana a daji tana gudu, suna ɗauke da nauyin da ba su da kalmomin sauke shi. In aka ba su takarda da launi a wuri mai aminci, a gaban babba mai tausayi, sau da yawa hannu yakan faɗi abin da harshe ya kasa, kuma al'ummar da ta ga haka a bango ba za ta iya cewa ba ta sani ba.

Akwai ladubba huɗu da nake ganin in babu su aikin ba zai yi albarka ba. Na farko, a rubuta sunan mai aiki da garinsu da sunan wanda ya koya masa a jikin kowane abu da aka nuna, da boko da ajami. Gidajen tarihin Turai cike suke da rigunanmu da fatunmu waɗanda ba a rubuta komai a ƙarƙashinsu ba sai sunan ƙabila, mu kuwa da muka san darajar isnadi bai kamata mu maimaita wannan zalunci ba. Na biyu, kada a karɓi aikin kowa kyauta da sunan taimakon al'ada. In an sayar, kaso mafi tsoka nasa ne, a kuma bayyana lissafi. Na uku, a keɓe wa mata ranakunsu, da mata masu jagora, a kuma aika musu jakadu har cikin gidaje bisa sunnar 'Yan Taru, gama rabin fasahar ƙasar nan a tsakar gida take. Na huɗu, a buɗe ƙofa ga almajiran tsangaya daidai da 'yan firamare, ranar Alhamis da ba su da karatu, domin su ne magadan allo da tawada, kuma su ne aka fi mantawa a duk wani shiri.

Wani amfanin kuma, wanda nake ambatonsa da taka-tsantsan saboda raunin bai warke ba, shi ne na gyaran zumunci. Fitinar nan ta shuka zargi tsakanin Bahaushe da Bafulatani, mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, suna bin liman ɗaya. Kayan hannunmu shaida ne a kan wannan zama: ƙwaryar da Bafulatana take jerawa Bahaushe ne sau da yawa ya noma dumanta ya fafe, fatar da baduku yake yanka daga garken makiyayi ta fito, sandar makiyayi da fartanyar manomi a rumfuna maƙwabta ake sayar da su. Ban ce nunin ƙore zai sa mai bindiga ya ajiye bindigarsa ba. Wannan aikin hukuma ne da adalci da tsaro. Amma mafi yawan mutane, ta kowane ɓangare, ba su ɗauki makami ba, su ma abin ya ci su, kuma suna bukatar wurin da za su haɗu a kan wani abu da ba zaman makoki ba ne ba kuma zaman tuhuma ba. Wurin da yaro zai ga hannun wanda aka ce masa maƙiyi ne yana fitar da kyakkyawan abu, ya yi aikin da wa'azi da yawa bai yi ba.

Game da kuɗi, tsorona ɗaya ne, kada maganar ta faɗa hannun masu ganin kowane alheri kwangila ne, a kafa harsashi, a yanka ƙyalle, a kulle ƙofa, jemagu su gaje wurin. Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce waƙafi, wanda Musulmi suka rayar da makarantu da asibitoci da rijiyoyi da shi tun zamani mai tsawo, jihar Zamfara kuma tana da hukumar zakka da waƙafi da za ta iya tsare amanarsa. Attajiri ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan yanki da ke kasuwanci a Kano ko Legas ko Abuja, in ya tsayar da hayar shaguna kaɗan a kan wannan aiki, ya isa ya riƙe gwanaye da almajiransu shekara da shekaru, kuma koyar da maraya sana'ar da zai ci halal da ita sadaka ce mai gudana ba shakka. Majalisar da za ta kula da dukiyar ta ƙunshi wakilin fada, da malami, da Sarkin Maƙera ko Sarkin Magina, da mace mai sana'a, da matashi, da malamin kwaleji, su riƙa karanta lissafi a bainar jama'a sau ɗaya a shekara. Gwamnatin jiha da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa su taimaka da horo da shawara, amma ragamar ta zauna a hannun mutanen wurin, don kada aikin ya mutu ran da mulki ya sauya.

Haƙiƙa akwai lokutan da hanya ba za ta biyu ba, akwai kuma taron da hikima za ta hana a yi shi. Rai ya fi komai, kuma ba wanda za a ce ya jefa kansa cikin halaka saboda nuni. Amma wannan dalili ne na a tsara aikin ƙanana-ƙanana, cikin gari, da rana, kowane reshe yana iya tafiya da kansa ko an yanke shi da sauran. Ranar da mota ba ta tafi ba, hoto da murya sa tafi ta waya. Abin da ba shi da hujja shi ne a ce sai ƙura ta lafa gaba ɗaya za a fara, domin tsofaffin da ake bukata ba su da alkawari da ajali.

Saboda haka ina kira ga masu martaba sarakunan Moriki da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda da su ɗauki mataki na farko, wanda ba ya cin ko sisin gwamnati: kowane sarki ya umarci hakimansa da masu unguwanni su rubuto masa sunayen gwanayen da suka rage a ƙasarsa, maza da mata, na gida da waɗanda suka yi hijira, da sana'ar kowa, da inda yake zaune, da ko yana da mai koyo a hannunsa. Malaman kwalejin Ƙaura su ba da ɗalibai masu ɗaukar murya da hoto, ƙungiyoyin ci gaban garuruwa su nemo mai waƙafin farko, limamai su yi wa jama'a bayanin halaccin abin da falalarsa. In wannan takarda ta kammala kafin kaka mai zuwa, to, an kafa gidan fasaha a ƙasarmu ko ba a aza tubali ɗaya ba, domin an san waɗanda za a gina shi dominsu. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kuma sa albarka a hannun masu neman halal.